Rigar Siminti a Kan Ginin Ƙasa

Idan ka wuce Dawakin Tofa ka yi arewa, ka bi ta cikin gonakin nan da ke manne da juna, ba saura ba fili, za ka tarar da gonar jami'ar da nake koyarwa. A tsakiyarta akwai ɗakuna biyu na ginin ƙasa. Ɗalibai suna ce musu kango, kuma duk wanda ya faɗi haka a gabana sai ya sha faɗa, don kango gidan da aka watse aka bari ne, waɗannan kuwa har gobe ana buɗe su ana sharewa. Sai dai in na gama faɗan nakan tuna abin da yaran ba su sani ba. Da can ba ɗakuna biyu ba ne kawai. Akwai babban zaure a bayansu, kuma da sa hannuna aka rasa shi.

Tun kafin a yi mafarkin jami'a a wannan yanki, a ginin ake tara samari ana koya musu aikin malaman gona: ware iri, gane ciwon shuka, noma da shanu. Da jami'a ta gaji gonar ba ta da ko aji ɗaya a wajen, don haka a wannan zaure ɗalibanta na farko a fannin noma suka zauna. Da yawa daga cikin manyan da ake buɗe wa ƙofar mota yanzu, a kan bencinsa suka goge wando. Zaure ne mai bakan gizo, wato ginshiƙan nan da ke tasowa daga bango su lanƙwaso su haɗu a sama su riƙe rufi. Da tsakar ranar bazara, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa.

Ni tarihi nake koyarwa, duk wannan a takarda na san shi. Amma akwai wata hanyar da ginin ya shafe ni. Kakana yana cikin maginan da suka ɗora tubalinsa, mahaifina kuma shi ya gaji yi masa yaɓe.

Ginin ƙasa ba a gama shi a huta. Kowace damina sai ta lashe masa fata, kowace shekara kuma sai an mayar masa. Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa, sai Baba ya tara abokan aikinsa daga ƙauyenmu da na maƙwabta. A haƙo jar ƙasa a kududdufi, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa. A jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, ruwan nan mai duhu da ke hana ruwan sama cin bango. Sannan a kafa tsani. Ba cokalin gini, tafin hannu ne kawai. Baba yakan fara da rufi, ya bi duk wata tsaga ya toshe, ya share indararo don ruwa ya sami hanyar sauka, sannan ya sauko kan bangon gabas, domin daga can ruwa ke dukan gini a ƙasarmu.

Baba ba ma'aikacin jami'a ba ne. Ba shi da katin shaida, sunansa ba ya cikin kowane fayil. Mai kula da gona ne kawai ke aiko masa cewa lokaci ya yi, sau da yawa ma kafin ɗan aike ya iso shi ya riga ya jiƙa ƙasa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami “kai” ne, da na fara koyarwa na koma “Malam”.

Wata shekara na ɗebi ɗalibaina a motar makaranta na kai su ganin ginin, aka yi dace ranar ana yaɓe. Baba yana kan tsani, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, furfura ta gama cinye kansa. Ina cikin bayani wata ɗaliba ta ce, “Malam, jami'a guda a ce har yanzu tsofaffi ake sawa suna shafa taɓo da hannu? Wallahi abin kunya ne.”

Na ce mata, “Wancan na kan tsanin mahaifina ne.”

Yarinyar kamar ta nutse. Ta yi ta ba da haƙuri, na ce ba komai. Ban yi musun ubana ba, kuma na daɗe ina yaba wa kaina a kan haka. Amma maganarta ta shige ni ta zauna. Duk lokacin da na tuna tsohon nan a kan tsani sai in ji tausayi, haɗe da wata kunyar da ba na so in kira ta da sunanta.

Ba a jima ba jami'a ta fara shirin bikin cika shekaru. Za a gayyato baƙi, za a kai su ganin inda aka fara. Aka kafa kwamitin adana tsohon ginin, kuma da yake na taɓa yin rubutu a kansa aka ba ni sakatare. A zaman farko wani ya kawo shawarar a kira maginan da suka saba, su yi yaɓe mai kyau. Ni ne na ɗaga hannu. Na ce ginin da ke da irin wannan tarihi bai kamata ya dogara da tafin hannun wasu tsofaffi ba, yau suna nan gobe ba su. Na ce a yi masa gyara na dindindin, a lulluɓe shi da siminti tun daga rufi har ƙasa, a huta. Injiniyan da ke cikinmu, matashi ne mai ladabi, ya ce zai yiwu in an ɗaure da waya. Sauran suka ce tunda ɗan magini ne da kansa ya faɗa, ai magana ta ƙare.

Da an tambaye ni a lokacin, cewa zan yi don ginin na yi. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ina so in sauko da Baba daga tsani. Ina kuma so ranar da baƙi suka zo su ga bango sumul, kada wani ya ga shatin yatsu ya yi murmushi. Wannan na biyun ko kaina ban gaya wa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi ƙauye. Na sami Baba a kan dakalin ƙofar gida yana ɓarar gyaɗar iri. Muka gaisa, na zauna a ƙasa, na ce, “Baba, bana kun huta. Jami'a za ta yi wa ginin nan gyara sau ɗaya. Siminti za a shafa masa.”

Bai ɗago ba ya ce, “Siminti a kan ƙasa?”

“Da waya za a ɗaure, ba zai ɓalle ba. Injiniya ya duba.”

“Shi injiniyan ya taɓa zama a ɗakin ƙasa?”

Na ce ban sani ba, amma ya yi karatun abin.

Ya ajiye ƙwaryar ya dube ni. “Malam, bangon ƙasa da damina shan ruwa yake, in rana ta fito ya fitar. Haka yake rayuwa. Siminti kuwa ko ba daɗe ko ba jima sai ya tsage, ko da kamar silin gashi ne. Ruwa zai sami ƙofar shiga, ba zai sami ta fita ba. Kai kana waje kana ganin riga fes, shi yana ciki yana narkewa.”

Ina da saurin hawa, kowa ya san ni da wannan, kuma na riga na yi magana a gaban kwamiti. Na ce masa zamani ya canja. Na ce abin da sai an sake shi kowace shekara ba gyara ba ne, wahala ce. Sai da maganar ta fita na ji nauyinta, don abin da na kira wahala shi ne aikin da ya yi tun yana saurayi, shi ne kuma na ubansa.

Baba ya ɗauki ƙwaryarsa ya ci gaba da ɓara. Ya ce, “To. Ku ne masu gini. Allah ya sa a gama lafiya.”

Da na shiga yi wa Inna sallama, ashe ta ji komai daga zaure. Kunyar ɗan fari ba ta barin ta ta yi mini magana kai tsaye, sai ta dubi ƙanwata ta ce da ƙarfi yadda zan ji, “Ki gaya wa yayanki, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.” Na yi dariya na fito, a raina ina cewa tsofaffi ba sa rabuwa da karin magana.

Aka ba da aiki. Leburori suka zo da diga suka yi ta kankare bango har suka tarar da tubali, aka kwashi ƙasar a baro aka kai rami aka zubar. Aka buga ƙusoshi, aka shimfiɗa ragar waya, aka shafa siminti. Indararon nan masu faɗin baki aka cire su, aka sa bututun roba, wai sun fi tsari. Ni da kaina na shiga kasuwa a Kano na zaɓo fenti mai launin jar ƙasa, don kada ginin ya rasa kamanninsa na tarihi. Yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Mun kankare ƙasa mun zubar, mun je mun sayo launinta a gwangwani.

Ranar biki ginin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na sa babbar riga na yi jawabi a kan muhimmancinsa, na ce mun ceto shi domin jikoki. Aka tafa. Na sa an ajiye wa Baba kujera a sahun gaba, amma bai zo ba. Ya aiko cewa yana sharar gona.

Damina ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Bayan ta uku na kasa riƙe bakina. Na ce masa, “Baba, gininku yana gaishe ku. Ko ɗigo babu.”

Ya ce, “Ina amsawa. Damina nawa ke nan?”

Na ce uku.

Ya ce, “Ai simintin yaro ne tukuna.”

A cikin waɗannan shekaru wani abu ya faru da ban lura da shi ba sai daga baya. Yaɓen ginin nan shi ne babban aikin da ke tara maginan yankinmu wuri ɗaya kowace shekara, don gidaje da yawa sun koma bulo da kwano. Da aka daina, sai ƙungiyar ta watse. Masu sauran ƙarfi suka gangara Ungogo, wasu buga bulo, wasu tuƙa adaidaita. Biyu daga cikin dattawan suka rasu. Shi kuma Baba, da na ce ina so ya huta, hutun bai karɓe shi ba. Bazara ta zo ya rasa inda zai sa kansa, sai zama a zaure da jan carbi. Tsufan da tsani ya hana shi ya sauko masa gaba ɗaya, idonsa ma ya fara raguwa.

A damina ta huɗu mai gadin gona ya tare ni ya ce in shiga zauren in shaƙa. Na shiga na ji warin danshi irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, alhali kullum a buɗe yake. Ta ciki, gindin bango ya yi duhu. Ta waje ya nuna mini wasu siraran tsage-tsage a rufi, da bututu ɗaya da ganye ya toshe har ruwa ya kwanta a sama. Na kira injiniya aka liƙe tsagar da sabon siminti, aka ƙara fenti. Kitso muka yi da ƙwarƙwata, kuma a ƙasan zuciyata na sani. Ban gaya wa Baba ba.

A ta biyar aka yi marka ta kwana da kwanaki. Wata safiya mai gadi ya kira ni a waya, ya ce in zo. Na tarar simintin bangon gabas ya ɓallo, faifai guda mai girman ƙofa biyu, ya kwanta a ƙasa da ragarsa da ƙusoshinsa. Abin da ke bayansa ba bango ba ne. Na sa hannu, yatsuna suka nutse kamar a cikin tuwo mai ruwa. Allah ya taimaka babu ɗalibi a kusa. Aka kewaye ginin da igiya, aka hana shiga.

Kwamiti ya zauna. Masu magana suka ce ginin ƙasa dama haka yake, ya ci zamaninsa, a rushe shi duka a gina irinsa da bulo, a sa allo a rubuta tarihinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji ana ɗora wa ƙasa laifi, amma da wane baki zan yi faɗa? Takardar da ta jawo wannan, rubutuna ne a jikinta. Na dai roƙa a ba ni mako biyu in kawo wanda zai duba.

Daga gonar zuwa ƙauyenmu ba nisa, amma ranar sai na tsinci kaina a kasuwar Ɗambatta. Na zaga 'yan hatsi, na zaga kara wajen dabbobi, na tsaya ina taya ragon da ba saya zan yi ba. Na sayi goro, na sayi rake. Sai da la'asar ta yi sanyi na ga ba inda ya rage in ɓuya, sannan na kama hanyar gida.

Na sami Baba a zaure a kan buzu. Na ajiye goron, na zauna, na ce, “Baba, bangon ya zubo.”

Ya ce, “Gabas?”

Na ce, “Gabas.”

Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce ai na gaya maka. Da ya faɗa da na ji sauƙi, amma bai faɗa ba. Cewa ya yi, “Azara fa?” Yana nufin itacen giginyar da ke ɗauke da rufi, wanda ƙarshensa ke binne a cikin bango.

Na ce ban duba ba.

“Ka je ka kalli gini, ba ka kalli azara ba?” Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Ya ɓare goro ya ce, “Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri.”

Da safe na ɗauke shi a mota. Injiniyan yana jiran mu, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai tsaya kallon inda ya zube ba. Ya kama daga kusurwa yana bin bango yana ƙwanƙwasa shi da sandarsa, yana karkata kunne. Wani wurin sandar ta yi ƙara a dunƙule, wani wurin ta yi amo kamar ganga. Duk inda ya ji amon sai ya ce, “Nan babu kowa a ciki.” Injiniya yana biye da alli yana sa alama. Da aka zo kan rufi ya sa mai gadi ya hau ya tono masa ƙarshen azara daga wurare da dama. Na ɗakunan gaba suka zo da ƙarfinsu, wuƙa ma da ƙyar ta kama su. Na zaure kuwa Baba ya murza a tafin hannu suka zama gari.

Ya kaɗe hannunsa ya ce, “Zauren ya mutu. Bakan gizon nan ikon Allah ne kawai ke riƙe da shi, kada a ƙara barin kowa ya shiga. Ɗakunan gaba suna da rai, in an tuɓe musu rigar nan kafin wata damina.”

Na roƙe shi ya sake dubawa. Na ce ko za a iya canja azarar. Ya ce da bangon na da ƙarfi da an canja, amma a kan me za a ɗora? Na koma gefe na tsaya. Zauren nan shi ne tarihin da nake ta yi wa jawabi, bakan gizonsa da hannun kakana aka ɗaure, ya yi shekaru masu yawa ruwa bai ci shi ba, ni kuma na gama da shi a damina biyar. Ban taɓa jin baƙin ciki da kunya sun haɗu mini kamar ranar ba.

Injiniyan ya yi halin kirki, shi ya tsaya a gaban kwamiti ya maimaita maganar Baba kamar yadda ya ji ta. Aka yarda a rushe zaure a hankali, a ceci ɗakuna biyu ta hanyar da aka saba tun farko.

Da rani ya shiga aka fara ɓamɓare simintin. A bangon zaure na yamma, can baya inda ba mai zuwa, muka ga abin da ba mu zata ba. Ashe leburorin farko da suka iso nan sun gaji da kankara, sai suka shafa simintinsu a kan tsohon yaɓe yadda suka same shi. Da aka fasa gefe, sai ga kaurin bangon a fili, yaɓe a kan yaɓe, sirara-sirara, wani ja, wani baƙi-baƙi, wani fari-fari. Aka kawo wa Baba kujera dab da wurin. Da yake idon ba ya gani sosai, da ɗan yatsa ya bi su, tun daga ciki yana fitowa.

Ya ce, “Waɗannan masu duhun na babana ne. Ƙasar kududdufin bakin hanya ce, wanda aka cike aka yi gidaje.” Ya matsa kaɗan. “Nan na fara sa hannu. Dubi yadda na cika kauri, wautar ƙuruciya, har ya yi mini faɗa.” Ya ƙara matsawa ya tsaya a kan wani siriri mai gautsi. “Wannan shekarar fari ce. Ka ga ba ciyawa a ciki? Dabbobi ma ba su samu ba, wa zai ba bango?” Ya wuce wasu, ya dawo baya, ya shafa ɗaya sau biyu. “Wannan da gaggawa aka yi shi. Shekarar da aka haife ka ce, ana jirana a gida za a yi suna.”

Haka ya yi ta bi har ya fito waje, yatsansa ya taɓo bakin simintin da ya rage. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce ya ce, “Wannan kuma naka ne, Malam.”

Na shafe shekaru ina tonon tsofaffin fayiloli a kan ginin nan. Sun gaya mini wanda ya ba da umarnin gina shi da wanda ya buɗe shi. Ba ɗaya da ya gaya mini shekarar da ciyawa ta yi wuya, ko inda aka ɗebo ƙasa, ko wane ne ya koyi aiki a kan wane bango. Ashe duk yana nan a jikinsa. Kuma irin wannan ne na sa aka kankare a sauran bangayen aka kai rami.

Nan take na ce wa leburori su dakata. Na ce za a yanko wannan gefen gaba ɗaya, a sa shi a akwatin gilashi, ɗalibai su riƙa gani.

Baba ya ce, “A yi me da shi?”

Na ce, “A adana, Baba. Shi kaɗai ya rage.”

Ya girgiza kai. “Ɗakunan can tsirara suke. Kududdufan da muke ɗiba duk an cike su, ƙasar da ta rage a nan kusa yashi ya yi mata yawa, ba ta kama bango. Wannan kuwa ta sha makuba shekara da shekaru, babu irinta. Sauran bangayen sun ruɓe da siminti a ciki, ba su da amfani. In kana so ɗakunan su ga baɗi, wannan za a farfasa a jiƙa.”

Na ce ba zai yiwu ba. Har muryata ta fara tashi, irin yadda ta tashi a kan dakali shekarun baya, sai na ji kaina na yi shiru. Ya bar ni na gama huci, sannan ya ce, “Ka zaɓa. Ko ka ajiye ta a gilashi kana kallo, ko ka mayar da ita bakin aikinta.”

Na ɗauki hotuna da waya, masu yawa. Suna nan har yanzu, amma in ba Baba a gefe yana faɗin wannan na wane ne, ba ka ganin komai sai jar ƙasa. Sannan na ce wa leburori su ci gaba. Na tsaya ina kallo aka sa diga a hannun kakana da na ubana, aka mai da su gari, aka tara tsibi guda, aka zuba ciyawa da ruwa.

Dattawa uku kawai muka samu da suka san aikin, kuma dukansu gwiwa ta fara ba su matsala. Leburorin suka ce su aikinsu rushewa ne, ba tattaka taɓo ba, suka koma inuwa. Ƙasa ga ta a jiƙe, rana tana yi, ƙafafu shida ba za su gama da ita ba. Na dubi tsibin, na dubi dattawan. Na tuɓe takalmi da safa na miƙa wa mai gadi, na naɗe wando, na shiga. Sanyin taɓon ya kama ni har idon sawu, na yi taga-taga kamar zan faɗi, don ban san yadda ake dasa ƙafa ba. Ɗan magini, jikan magini, na haura hamsin, ranar ce farkon shigata.

Baba daga kan kujerarsa ya ji yadda nake dagwalo. Ya juya wajen dattawan ya ce, “Ku nuna masa a hankali. Bai taɓa yi ba.”